Kafin a Miƙa wa Yaro Makulli

Shekaru hamsin baya, a ƙasar Kurfai da Tondikandiya, mota ba kayan mutum ɗaya ba ce. In ƙura ta turnuƙe daga wajen Baleyara, to ko dai Landiroba ce ta hukuma, ko motar likita, ko ɗaya daga cikin 'yan motocin kasuwar nan da kowa ya san masu su, ya san direbobinsu, har yara kan gane kukan injin kowace tun ba ta ɓullo ba. Peugeot 404 mai tamfol ita ke riƙe da hanya: buhunan hatsi da wake a ƙasa, mutane a kan buhuna, awaki da kaji ɗaure a sama. Ko a zamanin Janar Seyni Kountché, ɗan Fandu a nan Tondikandiya, wanda ya riƙe Nijar daga 1974 zuwa 1987, lokacin da kuɗin uraniyom suka shigo aka yi ta shimfiɗa kwalta, saurayin ƙauye bai sa mota cikin lissafinsa ba. In ya dawo daga cin rani a Kumasi ko Abijan, rediyo yake riƙowa, da keke, da turamen zane na iyaye, sai kuɗin sayen ɗan maraƙi.

Yau tambayar mota ta shigo zaurukanmu. Malamin lakwal da aka tura Damana, da ma'aikaciyar jinya a Bonkuku, da ɗan tireda mai bin kasuwanni daga Baleyara zuwa Filinge, da yaron da ya sha wahalar Libiya ko Legas ya tara ɗan abin da ya tara, duk abu ɗaya suke son sani: wace ƙaramar mota ce ta hannu za ta riƙe su ba tare da ta cinye su ba? Tambayar tana faranta mini rai, don tana nuna hannun talaka ya fara kaiwa inda da ba ya kaiwa. Sai dai akwai abin da ya juye tsakanin zamanin biyu, ba mu cika kula da shi ba. Da, sai mutum ya san mota kafin ya riƙe ta. Yanzu sai ya riƙe ta sannan ya fara saninta, galibi a bakin hanya, da rana tsaka, bonet a buɗe.

A wancan lokaci ba a zama direba sai an yi karen mota. Yaro zai shekara yana wanke mota, yana ɗaure kaya, yana dirowa da gudu ya sa waiji a bayan taya in an tsaya a gangare. Shi ke zuba ruwa a lagireto da asuba, shi ke duba baƙin mai, shi ke yin faci in taya ta fashe. In mota ta kafe cikin rairayin Dallol Boso, shi ke durƙusawa ya tone da hannu, ya saro rassa ya shimfiɗa, ya rage iskar taya, sannan ya koma baya ya tura tare da fasinja. Sai bayan shekaru maigidansa zai ce masa, "Zo ka juya mini ita," daga nan ya bar masa sitiyari a inda hanya ta miƙe babu kowa. Kafin ya karɓi permi, kunnensa ya riga ya san bambancin kukan inji mai lafiya da na mai ciwo, hancinsa ya san warin kuloci in ya fara ƙonewa. Makaranta ce mai tsanani, akwai zagi, akwai kwana a ƙarƙashin mota, amma wanda ya fito daga cikinta ba a sayar masa da gawa a ce masa mota ce.

Motocin ma sun dace da irin wannan ilimi. Daga 404 har 504, babu abin da ke ɓoye a cikinsu. Kafireto ne da fulogi da 'yan wayoyi, duk ido na gani, hannu na kaiwa. Tun da aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, kayan gyaranta suka wadata a ƙasar Hausa ta kowane gefen iyaka. Wanda ya taɓa kallon fim ɗin Cocorico Monsieur Poulet, wanda Jean Rouch ya yi da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia a 1974, zai tuna tsohuwar Citroën ɗin nan da suke ta lallaɓawa cikin daji suna neman kaji. Mutane sun yi dariya ne don sun gane kansu a ciki: haka ake tafiya, da igiya da waya da haƙuri.

Abubuwa da dama ne suka rushe wannan tsari, ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci balle manomi. Sai kasuwar motocin hannu ta buɗe. Daga Beljiyam da Jamus da Faransa da Holan ake loda su a jirgin ruwa, a sauke a Kwatano, direbobi su koro su ta Paraku da Malanbil, su ƙetare gada zuwa Gaya, su biyo ta Doso har Yamai. A hankali motocin Japan suka ture na Faransa, har ƙaramar Toyota Starlet ta zama tasin Yamai da kowa ya sani. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo, da yawansu kuma ba za su ci jarrabawar lafiyar mota a ƙasashen da suka fito ba.

Duk da haka, abin da ya fara isa hannun samarinmu babur ne. Baburan Sin masu araha sun cika ƙauyuka, kabu-kabu ya zama sana'a, babur ya zama motar asibiti da motar kasuwa da motar biki. Sai rashin tsaro ya zo. Saboda 'yan bindiga masu kai hari a kan babura, tun farkon 2020 hukuma ta hana hawan babur a sassa da dama na jihar Tilaberi. An sassauta a 2021, ba a jima ba aka maido da dokar a yankinmu. Matashin da da babur ya ishe shi, dole ya fara duban ƙafa huɗu. Yana cikin wannan lissafi aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, iyakar Binin ta rufe, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari, farashin mota da na kayan gyara suka ɗaga. A shekarar kuma Najeriya ta janye tallafin fetur, man ruwa-ruwa na kwalba da aka saba da araharsa ya yi tsada. Ga bukata ta ƙaru, ga kaya sun yi wuya. A irin wannan kasuwa ne ake yi wa mai gaggawa sakiyar da ba ruwa.

Na ga haka da idona lokacin da ɗan ƙanwata ya zo mini da waya a hannu, fuska cike da murna.

"Kawu, dubi wannan. Mai ita ya ce kuɗi yake nema da gaggawa, shi ya sa ya karya farashi."

Doguwar mota ce baƙa ta Turai, tana sheƙi, kujerun fata, gilashi mai duhu. A Facebook ya gan ta, sun gama magana da dillali ta WhatsApp, saura biya. Na ce masa ba zan hana shi ba, amma sai wani dattijon makanike da na sani, wanda ya fara da karen mota tun zamanin 404, ya duba ta. Dattijon ya ce sharaɗinsa ɗaya: a je da sassafe, kafin a tayar da ita.

Da muka isa, bai ko kalli fenti ba. Tafin hannu ya ɗora a kan bonet, ya ji da ɗumi, ya dubi dillali ya ce, "Ai ka riga mu tashi." Ya kwance murfin baƙin mai, ya juya shi ya nuna wa yaron: wani farin abu ne ya daskare a ciki kamar kindirmo. "Ɗana, ka ga wannan? Ruwa ne ya haɗu da mai. Ta taɓa yin zafi har kan inji ya lalace." Ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya nuna robar birki da ta kuloci sun suɗe har ƙarfe ya fito, alhali agogon kilomita na nuna ba ta yi wata tafiya ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta da sukudireba, ya ɗan caka, tsatsa ta zubo masa a fuska. Gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara ne ya ci ta, aka shafe da baƙin fenti. Da ya fito ya kaɗe rigarsa, tambaya ɗaya ya yi wa yaron: "In kwamfutar wannan ta ɗauke a Bonkuku, wa zai gyara maka?" Yaron ya yi shiru. Ya ce, "Baba, to wace zan saya?" Dattijon ya ce, "Wadda in ta tsaya, ko a Damana za a tashe ta."

Wannan amsar ita ce ma'aunin farko, kuma ita ce abin da karen mota na da ya sani ba tare da an faɗa masa ba. Ingancin mota ba a jikinta kaɗai yake ba, har da garin da za ta zauna. Motar da ake yabo a Jamus tana iya zama kaya a Filinge in babu na'urar da za ta karanta ciwonta sai a Yamai, babu kayanta ko a kasuwar Katako ta Yamai sai an yi oda. Shi ya sa ƙananan Toyota suka yi kaka-gida a ƙasar nan: Starlet, da Yaris da ta gaje ta, da Corolla. Ba don ba sa lalacewa ba, sai don kowane gareji ya san cikinsu, kayansu kuma sabo da na hannu ana samu. Amma a tuna, an daina ƙera irin wannan Starlet tun 1999, ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25, da yawa kuma sun gama aikin tasi kafin a wanke su a kawo kasuwa. Wanda ƙarfinsa ya kai, Yaris ko Corolla ta bayan 2000 ta fi, don galibinsu suna da jakar iska mai kare direba, injinsu kuma sarƙa ke juya shi, ba bel ɗin roba da kan tsinke ya yi ɓarna ba. In mai bel ce aka saya, a canza shi tun ranar farko, kada a dogara da rantsuwar mai sayarwa.

Ma'auni na biyu hanya ce. Daga Yamai zuwa Filinge kimanin kilomita 180 ne a kan kwalta, amma rayuwarmu ba a kan kwalta take ba. Da ka sauka, sai jar ƙasa mai gargada, sai rairayi, sai koramu da ke cika cikin sa'a guda in damina ta kankama. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa za ta bar salansarta a hanya, wata rana ma ta fasa tukunyar mai. A nemi marar nauyi, mai ɗan tsayi daga ƙasa, mai giyar hannu. Giyar hannu ta fi sauƙin gyara, ta fi biyayya a cikin rairayi, in batir ya mutu kuma samari uku sun isa su tura ta tashi, abin da ba ya yiwuwa da mai canza giya da kanta. Kada kuma wahalar hanya ta sa a ce sai babbar mota mai jan ƙafa huɗu. Ban da shan mai da tsadar taya, a halin da yankinmu ke ciki irinta ce ke ɗaukar idon waɗanda ba a so su gan ka.

Na uku zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, motar da aka ƙera don sanyin Turai kuwa a nan ake gane gaskiyarta. Kafin a biya, a bar ta tana aiki a tsaye na ɗan lokaci, a ga ko fanka na tashi da kanta, a sa ido kan allurar zafi, a duba lagireto da robobinsa ko suna tsatsafo. A kalli hayaƙi: shuɗi na nufin tana ƙona baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa na nufin ruwa na shiga inji. Bayan an saya, a guji ɗura mata ruwan rijiya mai gishiri, don shi ke toshe lagireto a hankali. A riƙa kaɗe matatar iska lokacin hunturu, a yi juyen mai a kan kari. Man kwalba kuma, in dole ta sa, a tace shi.

Na huɗu aljihu. Kuɗin saye somin-taɓi ne. Ƙaramin inji, daga lita 1 zuwa 1.6, yakan sha wajen lita 6 ko 7 a kilomita 100. Zuwa Yamai da dawowa ke nan kimanin lita 25. A farashin sefa 499 kowace lita da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, kusan jika goma sha biyu da rabi. Babbar mota za ta iya ninka wannan. Ko da yake muna da matatar mai ta SORAZ a Damagaram tun 2011, layukan mai na watan Maris 2025 sun tuna mana cewa motar da ke wadatuwa da kaɗan ita ce abokiyar tafiya. Shawarata ga duk mai saye, kada ya zuba duk abin da ya tara a kan farashi. Ya ware kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar don taya, da birki, da batir, da juyen mai, da inshora. Wanda ya sayar da shanun huɗa ya sayi motar da ba ya iya ciyarwa, tsugune ba ta ƙare ba.

Na biyar takardu. A ga shaidar biyan duwan, a ga takardar mallaka, a gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke rubuce, harafi da harafi. A tabbata wanda sunansa ke kan takarda shi ne ke sayarwa ko ya ba da izini, a yi cinikin gaban shaidu, a juya suna ba da ɓata lokaci ba. A yankin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, inda shingen jandarma da na soja ke kan kowace hanya, motar da takardunta ba su cika ba tana iya jawo wa yaro abin da ya fi tara.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan nauyi a zuciyata, wato ran yaron da na waɗanda zai ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyarmu ce ta fi kowace asara. Mu da ke bin hanyar Baleyara ran Lahadi, ranar kasuwa, mun san dalili: garken shanu na ƙetarewa, raƙumi na tsaye a tsakiyar kwalta, amalanke na tafe da magariba babu fitila. Sabon direba mai zafin jini ba ya bukatar inji mai ƙarfi. Ƙaramin inji rahama ne gare shi. Abin da yake bukata birki ne mai kamawa, da fitilu masu haske, da bel ɗin kujera mai aiki, da tayoyi masu rai. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar da ta tsufa, ko da zanenta bai goge ba, zafin kwalta na iya fasa ta. Nan ne bai kamata a nemi araha ba ko kaɗan.

Ba ina kukan zamanin da ya wuce ba ne. Na san abin da 404 mai tamfol ta yi wa mutane in ta kife da lodi. Na san matan da naƙuda ta zo musu da gardama aka ɗora su a amalanke, ba su kai likitar Filinge ba. Ƙaramar mota guda a ƙauye yau tana ceton rai, tana kai albasa da kaji kasuwa kafin su lalace, tana ba malama damar koyarwa a wani gari ta kwana a gidanta. 'Yan mata ma sun fara riƙe sitiyari, abin da kakanninmu ba su taɓa gani ba. Wannan duk alheri ne, ba na son a koma baya. Abin da nake jin tsoro shi ne mu karɓi motar mu bar ilimin da ke tafiya da ita, mu bar yaro shi kaɗai da dillali da hoton waya.

Tsarin karen mota ba zai dawo yadda yake ba, ɗan lakwal ba zai shekara biyar yana sa waiji ba. Amma abin da tsarin ke bayarwa ana iya samunsa ta wata hanya, kuma nauyin yana kanmu, iyaye da kawunnai da yayye. Tsofaffin direbobi da makanikai suna nan a tashoshin Filinge da Baleyara, da yawansu ba abin da suke so irin a tambaye su. Kada a yi cinikin mota sai da ɗayansu, a kuma biya shi ladan dubawa da daraja, don abin da zai tsare maka ya ninka abin da za ka ba shi. Permi kuma a same shi ta hanyar koyo, ba ta bayan fage ba. Sannan yaron da za a ba mota, namiji ko mace, ya yi ko da wata guda yana zuwa gareji: ya canza taya da hannunsa, ya duba mai da ruwa, ya koyi fitar da mota daga rairayi, ya zauna gefen wanda ya daɗe a hanya ya ga yadda ake rage gudu tun kafin a iso garke. Uban da ya iya tara kuɗin mota zai iya haƙurin wata guda kafin ya miƙa makulli, kuma a duk abin da zai kashe a kan motar, wannan watan ne ya fi araha, shi ne kuma ya fi amfani.